Louis Harold Gray: Mai Wa'azin Da Ya Nemi Mudun Gaskiya

A wannan fili mun saba kawo muku tarihin bayin Allah waɗanda suka yi barci tun da daɗewa, yawancinsu fastoci ne da masu bishara da masu juya Littafi Mai Tsarki. Yau kuwa wanda za mu ba da labarinsa masanin kimiyya ne na ƙasar Ingila, wanda ya yi kwanakin aikinsa a ɗakin bincike na asibiti, ran Lahadi kuma yakan tsaya gaban jama'a ya yi wa'azi. Sunansa Louis Harold Gray, abokansa suna kiransa Hal. Kusan duk wanda ake yi wa gashin ciwon daji a asibiti a yau, sunan wannan mutum yana rubuce a katinsa, ko da shi bai sani ba.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe shi. Kwanakin baya mun je gai da wani dattijon ikkilisiya wanda matarsa take karɓar gashi saboda ciwon daji na nono. Muka tarar da gidan a rikice. A takardar da likita ya fara ba su an rubuta 50 Gy, a katin da suke kaiwa ɗakin na'ura kuwa an rubuta 5000 cGy. Ɗansu kuma ya tono wani tsohon littafin makaranta inda aka nuna rad 500 yana iya kashe mutum. Suka haɗa waɗannan lambobi uku, suka yanke cewa an ninka wa baiwar Allah magani sau ɗari, har sun shirya su hana ta komawa. Da muka raka su wurin likita, cikin 'yan mintoci ya warware musu, ashe takardun biyu abu ɗaya suke faɗi. Muka dawo gida muna tunani, mutum nawa ne a cikin ikkilisiyoyinmu suka gudu daga magani saboda lambar da ba wanda ya bayyana musu? Shi ya sa muka ga ya kamata mu san mutumin da aka sa wa wannan ma'auni sunansa, mu kuma koyi yadda ake karanta shi.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Gray a birnin Landan ran 10 ga watan Nuwamba 1905. Iyayensa talakawa ne, mahaifinsa ma'aikacin gidan waya, kuma shi kaɗai Allah ya ba su. A Ingila ta wancan zamani, ɗan irin wannan gida ba ya cika sa rai da jami'a. Amma yaron yana da kai ƙwarai wajen lissafi, har ya ci jarrabawar da ta ba shi gurbin karatu kyauta a wata makarantar kwana mai suna Christ's Hospital, yana da shekara 13.

Ko da yake akwai kalmar asibiti a sunanta, makaranta ce. An kafa ta a Landan a 1552, zamanin Sarki Edward na Shida, domin marayu da 'ya'yan matalauta, aka mai da ita kusa da garin Horsham a 1902. An san ɗalibanta da doguwar riga shuɗiya da safa rawaya. Mu da iyayenmu da yawa suka sami ilimi ta hannun makarantun mishan, mun san abin da irin wannan ƙofa take yi wa ɗan talaka. A can ne Gray ya kamu da son kimiyya, daga can kuma ya wuce Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kembirij.

Kembirij da aurensa

Bayan ya gama digirinsa na fari da sakamako mai kyau, aka karɓe shi a ɗakin bincike na Cavendish, wanda a lokacin Ernest Rutherford yake shugabanta. Wannan wuri shi ne cibiyar binciken ƙwayar zarra a duniya a waɗannan shekaru. A nan ne James Chadwick, ɗaya daga cikin manyan da Gray ya yi aiki a ƙarƙashinsu, ya gano ƙwayar niyutiron a 1932.

Aikin Gray shi ne nazarin haskoki masu ratsa jiki. Waɗannan haskoki ido ba ya ganinsu, fata ba ta jin su, amma suna huda nama su wuce. Wilhelm Röntgen na Jamus ne ya gano irin na farko a 1895, watau wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyam a Faransa, wanda yake fid da irin waɗannan haskoki da kansa dare da rana. Nan da nan likitoci suka ga cewa haskokin suna narkar da ƙarin ciwon daji, sai dai ba su da ingantacciyar hanyar sanin yawan abin da suke ba mara lafiya. Waɗansu sukan dubi jan da fata ta yi su kimanta. Da yawa daga cikin likitoci da masu jinya na farko sun ƙone, an yanke wa waɗansu yatsu, waɗansu sun mutu. A 1936 an kafa dutsen tunawa da su a wani asibiti a Hambug ta Jamus, da sunaye fiye da 150 a jikinsa. Marie Curie kanta ta rasu a 1934 da ciwon jini wanda ake dangantawa da wannan aiki.

Tambayar da Gray ya sa a gaba ita ce, yaya za a san ƙarfin da wani abu ya sha daga hasken da ba a gani? Amsar da ya samu a 1929, ya kuma cika bayaninta a 1936, ita ce a bar ɗan ƙaramin gurbi mai iska a cikin abin, a auna wutar lantarkin da hasken ya tayar a cikin wannan iska, daga nan a lissafta abin da kewayen gurbin ya sha. Kamar manomi ne da ya ajiye gwangwani a tsakiyar gona, ruwan da ya taru a ciki ya gaya masa abin da gonar ta samu. Tun a 1912 William Henry Bragg ya taɓo wannan tunani, saboda haka ake kiran ƙa'idar da sunayensu biyu, Bragg da Gray. Har yau a kanta ake dogara wajen daidaita na'urorin gashi.

A Kembirij ɗin ne kuma ya sadu da wadda ta zama matarsa, wata ɗaliba makauniya mai karatun tauhidi. Suka yi aure a 1932, Allah ya ba su 'ya'ya maza biyu. Gray ya zama mai wa'azi a Ikkilisiyar Metodis, irin masu wa'azin nan da ba a naɗa su fastoci ba, suna da sana'arsu a cikin mako, ran Lahadi su ɗauki Littafi su tafi inda aka aike su. Katikis da masu bishara na ƙauyukanmu sun san wannan hidima sarai.

Ya bar jami'a ya koma asibiti

A 1933 Gray ya yi abin da ya ba mutane mamaki. Ya bar Cavendish a daidai lokacin da sunan wurin yake tashe, ya karɓi aiki a asibitin Mount Vernon da ke Northwood, a gefen Landan, inda ake jinyar masu ciwon daji. A idon masana na lokacin wannan komawa baya ce, gama aikin masanin kimiyya a asibiti ba shi da suna. Shi kuwa yana so iliminsa ya amfani marasa lafiya kai tsaye.

A lokacin akwai ma'auni guda da duniya ta amince da shi tun 1928, a taron da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin, ana kiransa rontigen. Amma yana da gurgunta. Abin da yake aunawa shi ne aikin da haske ya yi wa iska, alhali iska dabam, jikin mutum dabam. Ƙashi da tsoka da kitse ba su shan haske daidai wa daida. Ban da haka, rontigen ba ya aiki ga kowane irin haske. Misalinsa kamar uwar gida ce da take lissafin tuwon da ta kwashe a tukunya, ba ta san abin da ya shiga cikin yaro ba.

Wajen 1937 Gray da abokin aikinsa John Read suka ƙera na'urar da take fid da niyutiron a nan Mount Vernon, galibi da hannunsu. Suka yi ta gwaji a kan saiwar wake da kuma ƙari a jikin ɓeraye. Tun da yake rontigen ba ya auna niyutiron, dole suka nemi wata hanya. A 1940, tare da likita J. C. Mottram, suka buga sakamakonsu, inda suka kawo shawarar a riƙa auna ƙarfin da naman jiki ya sha, ko da wane irin haske ne ya kawo shi. Wannan tunani shi ne tushen ma'aunin da ake amfani da shi yau. Sun kuma gano wani abu, cewa idan nama ya sha ƙarfi daidai daga niyutiron da daga hasken hoton ƙashi, ɓarnar niyutiron ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Waɗannan shekaru ne na Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatoci suke neman duk wanda ya san niyutiron domin aikin makami. Gray yana cikin ƙalilan da suka san shi ciki da waje. Amma bangaskiyarsa ba ta yarda masa da yaƙi ba, sai ya tsaya a kan aikin warkarwa.

Gwaji da nasara

Bayan yaƙi ya koma asibitin Hammersmith a Landan, a sashen binciken gashi na Majalisar Binciken Lafiya ta Ingila, har ya zama mataimakin shugaban sashen. Ya tara matasan masana masu ƙwazo, aiki yana tafiya. Sai saɓani ya shiga tsakaninsa da shugabancin wurin a kan yadda za a tafiyar da bincike, abin ya yi tsanani har ya rasa kujerarsa a 1953. Mutum mai shekara 47, da iyali, ya wayi gari ba ɗakin bincike. Duk wanda aka taɓa raba shi da aikin da ya gina da guminsa ya san ɗacin wannan.

Amma Ubangiji bai bar shi ba. A wannan shekara ta 1953 ce shi da abokan aikinsa huɗu suka buga binciken da ya fi kowane fito da sunansa. Sun nuna cewa ƙwayoyin jiki masu samun isasshiyar iskar oksijin sun fi saurin mutuwa a ƙarƙashin gashi, waɗanda ba su samun iskar kuwa sai an ninka musu ƙarfin wajen sau biyu da rabi zuwa uku kafin a yi musu ɓarna iri ɗaya. A 1955 shi da likita R. H. Thomlinson suka duba yankakken naman ciwon daji na huhu a madubin likita, suka ga cewa oksijin ba ya nisa daga jijiyar jini, iyakarsa wajen kashi ɗaya cikin bakwai na milimita. Bayan wannan iyaka akwai ƙwayoyin ciwo da suke a galabaice don rashin iska, ba su mutu ba, gashi kuma ba ya cin su da sauƙi. Su ne sukan farfaɗo su mai da ciwo. Wannan ya bayyana wa likitoci ɗaya daga cikin dalilan da suke sa wani ƙari ya ƙi jin magani, har yau kuma ana bincike a kan yadda za a shawo kansa.

Ta wajen aiki kuma, ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Birtaniya, da taimakon kuɗi daga abokin aikinsa Oliver Scott, ta kafa masa sabon ɗakin bincike a Mount Vernon, wurin da ya fara. Nan ya shugabanta har ƙarshen ransa, masana daga ƙasashe da yawa suna zuwa koyo. Ya yi hidima a hukumar duniya mai kula da ma'aunan haskoki, har ya zama mataimakin shugabanta. A 1961 aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masanan kimiyya ta Ingila. Ciwon shanyewar jiki ya buge shi a shekarunsa na ƙarshe, ya rasu ran 9 ga watan Yuli 1965, yana da shekara 59.

A 1967 waccan hukuma ta duniya ta kafa lambar yabo da sunansa. A 1970 aka sa wa ɗakin bincikensa sunansa, daga baya aikin ya koma Jami'ar Oksfod a 2008.

Rad da gire

Yanzu bari mu koma kan takardun dattijon nan. Tunanin da Gray ya kawo a 1940 ya sami karɓuwa a 1953, sa'ad da hukumar ma'aunai ta amince da wani ma'auni mai suna rad domin auna ƙarfin da jiki ya sha. An gina rad a kan tsohon tsarin awo na giram da santimita. Da duniya ta koma tsarin kilo da mita, sai babban taron ma'aunai na ƙasashen duniya da aka yi a Faransa a 1975, shekara 10 bayan rasuwar Gray, ya amince da sabon ma'auni, aka sa masa sunansa. Ana furta shi gire, ana taƙaita shi Gy. Gire 1 shi ne idan kilo 1 na jiki ya sha ƙarfi jul 1, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfi a wannan tsari.

Dangantakar ma'aunan biyu ba ta da wuya. Gire 1 daidai yake da rad 100. Dattawanmu sun tuna 1973, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. To, ku ɗauki gire a matsayin naira, rad a matsayin kwabo. Wanda ya ce naira 50 da wanda ya ce kwabo 5000, kuɗi ɗaya suke nufi.

Saboda haka idan kuna da gire kuna son rad, sai ku ninka sau 100. Gire 2 rad 200 ke nan, gire 8 rad 800, gire 60 rad 6000. Idan kuma rad kuke da shi kuna son gire, sai ku raba da 100. Rad 350 gire 3.5 ke nan, rad 50 kuma rabin gire.

Akwai kuma santigire, wanda ake rubutawa cGy, watau kashi ɗaya cikin ɗari na gire. Santigire 1 daidai yake da rad 1, ba ragi ba ƙari. Likitocin da suka saba da rad sun ji daɗin wannan, gama lambobin da suka haddace ba su canja ba, suna kawai ya canja, shi ya sa asibitoci da yawa suke rubuta cGy a katin mara lafiya. Ƙaramin harafin nan c da ke gaba shi ne ya rikita gidan dattijo. An rubuta wa matarsa gire 2 kowace rana har kwana 25, jimla gire 50, watau santigire 5000, ko rad 5000 a tsohon lissafi. Ƙasa da wannan akwai miligire, mGy, kashi ɗaya cikin dubu na gire. Miligire 10 su ne rad 1. Rad bai ɓace ba, ana samunsa a tsofaffin littattafai, a Amurka kuma har yanzu ana amfani da shi a wurare da dama.

To, maganar tsohon littafin ɗansu fa? Littafin bai yi ƙarya ba. Idan jikin mutum gaba ɗaya ya sha gire 4 zuwa 5 a lokaci guda, watau rad 400 zuwa 500, kuma bai sami jinya ba, wajen rabin waɗanda hakan ta same su sukan mutu cikin makonni, domin ɓargon da yake yin jini ya lalace. An ga haka a garin Goiânia ta ƙasar Birazil a 1987, inda masu tsintar ƙarafa suka fasa wata tsohuwar na'urar gashi da aka yasar. Mutum 4 suka mutu, abin da jikinsu ya sha kuwa tsakanin gire 4.5 ne da 6. Amma gashin asibiti ana saita shi ne a kan wurin ciwo kaɗai, ana kare sauran jiki, ana kuma rarraba shi kaɗan kaɗan, yawanci kwana biyar a mako, domin lafiyayyen nama ya sami damar gyara kansa tsakanin yau da gobe. Shi ya sa ƙari yake iya karɓar gire 60 ko 70 cikin mako shida ko bakwai, mutum kuma ya tashi. Garwashin da zai dafa abinci a murhu, in aka watsa shi a kan jinka gida zai ƙone.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar wannan ƙarfi. Mutum mai nauyin kilo 60 da ya sha gire 5 a dukan jikinsa, jul 300 kawai ya shige shi, wanda bai kai ɗumin da cokali ɗaya na shayi mai zafi yake kai wa ciki ba. Ba zai ji zafi ba, ba zai ga kome ba, amma ɓarnar tana can cikin ƙwayoyin halittarsa. Tun da jiki ba ya iya faɗakar da mu, ma'auni ne kaɗai mai gadi.

Wani lokaci kuma za ku ga Sv ko mSv. Wannan shi ne sibat, wanda aka amince da shi a 1979 da sunan Rolf Sievert na Suwidin. Ya samo asali ne daga abin da su Gray suka gani, cewa ɓarnar haskoki ba ɗaya ba ce, saboda haka sibat yana auna haɗarin da ke cikin abin da aka sha. Tsohon takwaransa shi ne rem, kuma lissafin iri ɗaya ne, sibat 1 rem 100 ne. Hoton ƙirji guda wajen milisibat 0.1 ne, alhali matsakaicin abin da ɗan Adam yake samu a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama wajen milisibat 2.4 ne. Don haka kada tsoro ya hana kowa ɗaukar hoton da likita ya umarta.

Abin koyi a gare mu

'Yan'uwa, Littafi Mai Tsarki bai raina maganar awo ba. A Littafin Firistoci sura 19, da Maimaitawar Shari'a sura 25, da Karin Magana sura 11, Ubangiji ya nuna yana ƙin ma'aunin algus, yana kuma jin daɗin mudu na gaskiya. Mun saba ɗaukar wannan a kan mai awon hatsi a kasuwa. Rayuwar Gray ta nuna mana umarnin ya kai har ɗakin bincike. A gashin ciwon daji, in aka rage ciwo ya dawo, in aka ƙara lafiyayyen nama ya ƙone, tazarar da ke tsakani kuwa ba ta da faɗi. Mutumin da ya ba da shekara fiye da talatin domin a sami awo daidai, aikin ƙaunar maƙwabci ya yi, ko da yake yawancin waɗanda suka amfana ba su taɓa jin sunansa ba.

Na biyu, matasanmu masu karatun kimiyya su lura. Akwai masu gaya musu cewa sai sun zaɓi ɗaya, ko ilimi ko bangaskiya. Gray ya zauna da manyan masanan zamaninsa, bai kuwa ji kunyar tsayawa gaban ƙaramar ikkilisiya ran Lahadi ba. Bangaskiyarsa ce ma ta nuna masa inda zai kai iliminsa da inda ba zai kai shi ba.

Na uku, ga waɗanda aka zalunta ko aka ture a wurin aiki. Shekarar da Gray ya rasa kujerarsa ita ce shekarar da mafi girman aikinsa ya fito. Bai zauna yana lissafin abin da aka yi masa ba, ya koma inda ya fara ya sāke gini.

Na huɗu kuma ya shafi hidimarmu ga marasa lafiya. A ƙasarmu akwai sassan gashi a manyan asibitoci irin su na koyarwa da ke Zariya da Sakkwato da Ibadan da Legas, da Asibitin Ƙasa na Abuja, akwai kuma hukumar da aka kafa bisa dokar 1995 domin sa ido a kan amfani da waɗannan haskoki. 'Yan'uwanmu suna zuwa waɗannan wurare da tsoro mai yawa. Idan kun ga lamba a kati, ku dubi haruffan da ke bayanta, Gy ne ko cGy ko rad, kafin hankalinku ya tashi. Abin da ya shige muku duhu ku tambayi likita, hakkinku ne. Kada wani ya tsai da magani a tsakiya don lissafin da ya yi a gida, gama tsallake kwanaki yana ba ciwo zarafin farfaɗowa. Ku sani kuma, wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ya ɗauke da hasken zuwa gida. Ana iya cin abinci da shi, a zauna kusa da shi a sujada, ya karɓi Jibin Ubangiji tare da kowa. Waɗanda aka sa wa maganin a cikin jiki ne likita yakan ba ƙa'idodi na musamman na ɗan lokaci. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne.

Matar dattijon nan ta koma ta cika kwanakinta 25. Muna roƙonku ku ci gaba da tunawa da ita da dukan masu fama da wannan ciwo cikin addu'o'inku. Ubangiji ya ba likitocinmu da masu kula da na'urori hannu mai aminci da mudu na gaskiya, ya kuma tayar mana da 'ya'ya masu ilimi da tsoron Allah daga cikin ikkilisiyoyinmu. Amin.